Ina kuke zuba tunanin labari kafin ya zama littafi?

Alƙalami Ja:
Salam 'yan uwa marubuta, tambaya gare ni, kuma ba wa'azi nake nema ba don Allah, abin da mutum ya gwada da hannunsa nake so ya faɗa. Idan kana cikin dogon aiki, littafi ne ko wasan kwaikwayo ko jerin waƙoƙi, tunani ba ya sallama, wani ya zo maka a mota, wani kana kwance ka kashe fitila, wani ana tsakiyar hira da kai. To ina kuke zuba shi? Kuma yaya kuke yi ku sake gano shi ranar da kuke nemansa? Ni yanzu haka labarin da nake kai ya rarrabu gida-gida, wani abu a Google Keep, wani a littafin rubutu, wani na tura wa kaina a WhatsApp, wani kuma saƙon murya ne da ko suna ban sa masa ba. Rubutawa ina rubutawa wlh, ganowa ce ta gagare ni.

Ummu Biyu:
Wa alaikumus salam. Ni dai WhatsApp ɗin nan da kake rainawa shi ne rumbuna, saboda shi ne kullum a buɗe a hannuna, kafin in nemo wani app in buɗe shi tunanin ya gudu. Da can gurup nake buɗewa in sa mutum ɗaya in cire shi in zauna ni kaɗai, amma tun ƙarshen 2022 suka kawo damar ka tura wa lambarka saƙo kai tsaye, sai na maƙala shi a sama yadda ba zai nutse cikin sauran hirarraki ba. Dabarar kawai ita ce ba na tura saƙo tsirara, kowanne sai na fara shi da kalma ɗaya da manyan baƙi, ZANCE idan magana ce da wani zai faɗa a labarin, SUNA idan suna na tsinta, ƘARSHE idan abin da zai faru can gaba ne. Ranar da na zauna taifin sai in danna wurin nema in rubuta ZANCE duk su jeru min. Saƙon murya kuwa nema ba ya kamo abin da ke cikinsa, shi ya sa ina gama naɗa nake rubuta layi ɗaya a ƙasansa in ce ga abin da na faɗa a ciki.

Tsohon Malami:
Ni tsohon yayi ne, takarda da biro. Amma littafin rubutu ma in ba a yi masa tsari ba daji ne. Duk sabon littafin da na buɗe, abin da nake fara yi shi ne in bi shi shafi-shafi in sa lamba, sannan in bar shafuka huɗu na farko babu komai, su ne jagora. Na rubuta wani abu game da mahaifin jarumi a shafi na 31, sai in koma gaba in rubuta: mahaifin jarumi, 31. Ya sake fitowa a 58, in ƙara 58 a gefensa. Kuma a shafin hannun dama kawai nake rubutu, na hagu na barin gyara ne da abin da zai zo min daga baya.

Akwai wani masanin zamantakewa ɗan Jamus, Niklas Luhmann, wanda ya koyar a jami'ar Bielefeld ya rasu a 1998. Ya bar ƙananan katuna kusan 90,000 a cikin akwatunan katako, kowane kati tunani guda, kuma da su ya rubuta littattafai kusan 70. Mutane suna jin yawan katunan su yi ta mamaki, alhali ba nan gizo ke saƙa ba. Lambobin ne. Idan sabon tunani ya danganci wani tsohon kati, sai ya ba shi lambar da ta tsiro daga ta wancan, kamar a ce 21 ta haifi 21a, ya kuma rubuta a jikinsa wasu lambobin da za a je a duba. Wato duk katin da ya ɗaga zai nuna masa hanyar wani. Ban ce kowa ya je ya sayi akwati ba, amma duk abin da ka ajiye ka ba shi adireshi.

Ummu Biyu:
Baba ai ku da haƙuri, ni in na ce zan sa wa shafi lamba sai tunanin ya kama gabansa hhhh

Tsohon Malami:
'Yata, ai ba lokacin da tunani ya zo ake sa lambar ba, ranar da aka sayo littafin ake yi a gama.

Tauraruwa:
Ni matsalata ba ta ɓatan tunani ba ce, ta ɓatan gaskiyar labarin ce, kuma duk mai sakin labari feji-feji a intanet ya san abin da nake nufi. Kana rubutawa kana saki, ba damar komawa baya ka gyara saboda an riga an karanta. Na taɓa yin wani labari da a farkonsa na ce mutumin da ya riƙe jarumar ƙanin mahaifinta ne, can labari ya yi nisa sai ga shi ya koma yayan mahaifiyarta ni ban ma lura ba, wata mai karatu ce ta turo min hoton fejin farko da na baya ta jera su ta ce Anti wanne za mu ɗauka? Masu karatu ba sa mantuwa wlh, kai da ka ƙirƙiri mutanen za ka manta su ba za su manta ba.

Tun daga nan ba na fara labari sai da takardar taurari. A Google Sheets nake yi saboda ina iya buɗewa a waya, amma ko a bayan littafi aka ja layi ya yi. Kowane mutum layinsa guda: sunansa da yadda kowa ke kiransa (don miji daban yake kiranta, uwa daban, ƙawaye daban, kuma in ka cakuɗa su mai karatu yana ji a jikinsa), shekarunsa a ranar da labarin ya fara, dangantakarsa da sauran, sai wata kalma ko salon magana da ya keɓanta da shi. Amma gurbin da ya fi min amfani duka shi ne na ƙarshe, wanda na sa wa suna ME YA SANI. A nan nake rubuta sirrin da kowa ya sani da babin da ya san shi. Misali in rubuta: ta san mijin ya sayar da gidan, babi na 14. Ƙanwarta ba ta sani ba har yanzu. Saboda mafi yawan kwaɓar da ake yi a dogon labari a nan take, ka ga mutum yana fushi a kan abin da ba a taɓa gaya masa ba, ko kuma ana ba shi labari yana zaro ido alhali a gabansa aka yi. Idan zan rubuta fitowar da mutum uku ke zaune a ɗaki, sai na fara leƙa gurbin nan in ga wa ya san me, kuma sau da yawa ma daga nan rikicin fitowar yake fito min, don da na ga ɗaya ta sani biyu ba su sani ba to na samu abin rubutawa.

Sai shafi na biyu na kwanakin labari, don ciki wata tara ne ko a littafi. Na ga labarin da aka yi ciki aka haihu yaro ya fara tafiya, amma ƙanin jarumin yana aji ɗaya bai motsa ba.

Alƙalami Ja:
Kai, wannan ME YA SANI ɗin ban taɓa tunaninsa ba. Anti kina cika shi kafin ki rubuta babin ne ko bayan kin gama?

Tauraruwa:
Bayan na gama, kafin in saki. Ina gama taifin nake buɗe shi in ƙara abin da ya canja, minti kaɗan ne. In ka bari sai babi biyar sun taru to ba za ka yi ba.

Mai Baituka:
Mu masu waƙa namu daban ne kaɗan. Baiti yana zuwa da karinsa, in na rubuta kalmomin kawai na bar muryar, gobe in na dawo sai in tarar da su kamar ba nawa ba, na manta yadda suke hawa da sauka. Don haka ni naɗa nake fara yi, ko da gunguni ne ba kalmomi. Abin da na koya shi ne in canja wa fayil ɗin suna nan take, in sa masa ɗangon farko, in ba haka ba waya za ta cika da Rikodin 47, Rikodin 48, ka rasa wanne ne wanne kuma ba mai zama ya saurare su duka. Sannan ina da ɗan littafi na amsa-amo, shafin kalmomin da ke ƙarewa da -wa daban, na -ya daban, na -ri daban, duk inda na ji kalma mai daɗi a bakin wani sai in kai ta gidanta. Ranar da ƙafiya ta maƙale min a baiti na ashirin nan nake zuwa roƙo.

Ɗan Fitowa:
Ni rubutun fim da na wasan rediyo nake yi, kuma abin da ya fi karɓata shi ne bango. Ina yanka takarda ƙanana, kowace fitowa katinta, in rubuta wuri, su waye a ciki, da abin da ya canja kafin a fita daga fitowar. In na rasa abin da zan rubuta a wannan layin na uku to fitowar ba ta da aiki, cire ta nake yi komai daɗin hirar da ke ciki. Sai in manna su a jere, labarin jarumi da launi ɗaya, na abokin hamayya da wani launi. Da ka ja baya ka kalli bangon za ka ga inda launi ɗaya ya yi tsawo shi kaɗai, ka san a nan mai kallo zai manta da ɗayan. A kwamfuta ba na ganin wannan, shafi ɗaya kawai nake gani a lokaci guda.

Na san akwai manhajojin da suka kwaikwayi abin, Scrivener tun 2007 yake da allon katuna da za ka ja ka sauya musu wuri kuma rubutun ya bi su, wasu kuma Trello suke amfani da shi su yi layi uku, wanda ba a fara ba, wanda ake kai, wanda aka gama. Duk na taɓa su, suna aiki, amma hannuna ya fi son takarda. Abu ɗaya dai, duk ranar da na sauya jerin sai na ɗauki hoton bangon, tunda akwai ranar da na dawo na tarar yara sun kwashe na ƙasa sun yi jirgi da su.

Gizo-gizo:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo kuma ya shafi duk mai rubutu da Hausa. Nema a waya ko a kwamfuta baƙi yake bi, bai san nufinka ba. In yau ka rubuta ƙofa da lanƙwasa, gobe ka rubuta kofa, jibi ka rubuta k'ofa, to a wurin na'ura kalmomi uku ne, ka nemi ɗaya sauran biyun su yi lamo. Haka sunan tauraro, in wani wuri ka ɗora masa h a ƙarshe wani wuri ka cire. Da yawa abin da muke cewa ya ɓata yana nan, da wani rubutun muka ajiye shi. Gboard yana da allon Hausa mai ɓ ɗ ƙ, a saitin harsuna ake ƙara shi, ka zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta. Wanda ya saba da k' da d' ma bai yi asara ba, don ranar gyara umarnin nemo-ka-musanya zai juya masa su gaba ɗaya. Wanda ba ya sa komai shi ne zai bi kalma-kalma da hannu, tunda na'ura ba ta san ko kafa yake nufi ko ƙafa ba.

Ummu Biyu:
Tab, ashe shi ya sa wani lokacin in nemi ƘARSHE ya kawo min rabi. Ngd Yaya

Ba Tsari:
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Ni duk wannan jadawali da katuna kashe min labari suke yi. In na riga na san abin da zai faru a babi na 30 to na gama jin daɗinsa, rubutun ya zama aikin ofis. Kuma na ga mutane da yawa da gyaran ma'ajiya ya zame musu hanyar gudun rubutu, yau su sauke wannan app gobe su koma wancan, su yi wata guda suna zaɓen launi da jera folda, ka tambaye su ina babi na ɗaya su ce ana shiri. Ni fayil ɗaya gare ni, in tunani ya zo in gangara can ƙasansa in rubuta, in na yi amfani da shi in goge. Wanda na manta kuma ina ganin dama bai isa a tuna shi ba.

Tauraruwa:
Kowa da kiwon da ya karɓe shi Malam, kuma maganar masu jera folda gaskiya ce. Amma takardar da nake faɗa ba ta gaya maka abin da zai faru, abin da ya riga ya faru take riƙe maka. Ni ma ban san ƙarshen labarina ba sai na je. Sannan wannan gogewar da kake yi ita ce ban yarda da ita ba sam. Ni ina da fayil da na sa wa suna AJIYA, duk abin da na yanke daga labari can nake jefa shi, kuma sanin cewa yana nan shi ke ba ni ƙarfin halin yankewa. Akwai wata tsohuwa mai faɗa da na cire daga wani labari don ta yi masa yawa, ita ce ta zo ta riƙe min labarin da ya biyo baya.

Ba Tsari:
To wannan na AJIYA zan iya ɗauka, ba shi da wahala.

Injiniya:
Ni ba marubucin kirki ba ne, gajerun labarai nake ɗan taɓawa, amma ni ake kawo wa kuka idan aiki ya ɓata shi ya sa zan yi magana. Wata 'yar uwata ta rubuta littafi kusan rabi a cikin manhajar rubutu ta waya, ba ta taɓa fitar da shi ko'ina ba, aka sace wayar, shi ke nan. Har yau in an tuna mata sai ta yi shiru. Don haka kafin tsari a fara maganar kwafi: guda uku, a wuri iri biyu, ɗaya daga ciki ba a gidanka ba. Misali ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a filashi, ɗaya a intanet, ko da imel ne ka tura wa kanka duk ƙarshen mako.

Sai 'yan abubuwan da mutane ba sa lura da su. 15GB ɗin da Google ke bayarwa kyauta na haɗaka ne tsakanin Gmail da Drive da Photos, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ma a ciki ake lissafa ta, to in bidiyo ya cika wurin sabon abu ba zai hau ba kai kuma kana can kana zaton yana hawa. Abin da ka goge a Keep kwana 7 yake yi a kwandon shara ya tafi, na Drive kwana 30. Keep kuma na gajeren rubutu ne, kowane shafi bai wuce baƙi wajen 20,000 ba, ba wurin zuba babi ba ne. Asusun da aka yi shekara 2 ba a shiga ba suna iya rufe shi, don haka tsohon imel ɗin da ka ajiye rubutun farko a ciki ka riƙa leƙa shi.

Sunan fayil kuma don Allah a daina "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshe na gaskiya". A sa kwanan wata a gaba, shekara sannan wata sannan rana, kamar 2025-03-09, da kansu za su jeru daga tsoho zuwa sabo. Mai rubutu a Google Docs ma bai buƙatar wannan sosai, akwai tarihin gyare-gyare a ciki, kana iya komawa ka ga yadda babin yake makon jiya har ka sa wa wancan zubin suna. Kuma in ka mayar da sunan kowane babi kanun rubutu, a Docs ko a Word, jerin babukan zai fito a gefe ka riƙa tsalle ba sai ka yi ta gungurawa ba.

Gizo-gizo:
Injiniya ka manta Obsidian, manhajar ajiye rubutu. Ni shi nake amfani da shi, ya fito a 2020, kuma abin da ya sa na zauna a kansa shi ne rubutun a kan na'urarka yake zama a matsayin fayil na rubutu zalla, ko babu data kana aiki, ko ka daina amfani da shi gobe fayilolinka suna buɗuwa da komai. Kana sa sunan tauraro a cikin baka biyu, wato [[ ]], sai ya zama mahaɗa, ka danna ka ga duk inda ka ambace shi. Kusan abin da Baba ya faɗa ne na katunan nan, sai dai na'ura ce ke riƙe lambobin. Amma tunda a na'urarka yake, kwafin ma a wuyanka yake.

Alƙalami Ja:
Na gode ƙwarai jama'a. Baba tambaya ɗaya, idan littafin ya cika ka buɗe wani, yaya kake yi da jagorar? Kowanne da tasa ne, ka bi su ɗaya-ɗaya kana nema?

Tsohon Malami:
A'a ɗana. Littattafan ma lamba gare su, a bango nake rubutawa da babban alƙalami. In ina rubutu a na biyar sai abu ya danganci wanda ke cikin na uku, a gefen shafin nake sa 3/47, wato littafi na uku shafi na 47. Sannan kowane aiki yana da takarda guda mai kauri da nake sakawa a cikin littafin da nake kai, a kanta nake tara lambobin duk abin da ya shafe shi daga kowane littafi. In na buɗe sabo sai in ɗauke ta in mayar can.

Mai Baituka:
Baba in an ara maka littafi na uku ba a dawo da shi ba fa?

Tsohon Malami:
Ba na ba da aronsu. Wanda ya matsa in ɗaukar masa hoton shafin.